Tamfol Tsakanin Goɗiya da Ɗanta

Har yau in na ji ana dukan faffaɗan ƙarfe sai hankalina ya tashi. Akwai mai walda a bakin layinmu, mutumin kirki ne, kullum muna gaisawa, amma duk ranar da ya kwantar da ƙarfe ya hau shi da guduma sai na tashi na rufe taga. 'Ya'yana suna yi mini dariya, wai Mama na tsoron guduma. Ba gudumar nake ji ba. Kofaton goɗiyar kakana nake ji yana sauka a bangon tirela, a hanyarmu ta zuwa Karaye, wata safiya a tsakiyar damina, ina 'yar shekara goma sha ɗaya.

Bari in fara gaya maka ko wace ce goɗiyar, don in ba ka san ta ba za ka ce matar nan ta cika ɗaukar abu da zafi, dabba ce fa kawai.

A hannun kakannina na tashi, a wani ƙauye kusa da Zoza. Sunan mahaifiyar kakana aka sa mini, don haka bai taɓa kama sunana ba, sai dai ya ce Uwata. Sana'arsa mazarƙwaila, kuma a lokacin doki ne ke matse rake a wajenmu. Ana kafa ƙarfen matsa a tsakiyar fili, a ɗaura masa dogon itace, a ɗaura ƙarshen itacen a jikin doki, shi kuwa ya yi ta zagayawa tun hantsi har la'asar, ruwan rake na zuba a garwa. Daga nan sai murhu, sai tafasa, sai wannan ƙamshin da ke kama tufafin mutum ya yi sati bai fita ba. Wasu suna da dawakai biyu ko uku, ɗaya na hutar da ɗaya. Mu goɗiya ɗaya ce gare mu, ja mai farin goshi, shekararta tara tana zagaya ƙarfen nan ta hannun hagu. Ita ce tuwonmu, ita ce miyarmu, amma ko ba don wannan ba kakana yana son ta so na gaske. Kakata kan yi masa tsiya, wai ya fi saurin gane ranar da goɗiya ta rage dusa a kan ranar da ita ta tashi da zazzaɓi.

A lokacin da nake ba ka labari, yanar ido ta riga ta ci ƙarfin ganin kakana. Yana gane haske da duhu, yana gane mutum in ya matso daf da shi, ban da wannan sai kunne da hannu. Ni na zama mai gaya masa komai. Ni ke cewa ruwan rake ya yi ja a sauke, ni ke cewa ga baƙo can tafe a burtali ya gyara zama, ni ke cewa hadarin gabas ya haɗu ko ya watse. In wani ya jajanta masa sai ya yi dariya ya dafa kaina ya ce, "Wa ya gaya maka ba na gani? Ga idona nan." Ni kuma sai in kumbura, in ji duk ƙauyen ba yarinya kamata. Surutu kuwa ba a magana, har kakata ta gaji da cewa in rufe mata baki. Amma a gaban kakana kawai nake haka. In sauran manya suna wuri na san tarbiyyar da aka yi mini, ƙasa nake kallo.

A wannan daminar goɗiyar ta haihu, bayan an daɗe ana jira. Duƙushi ne namiji, ƙafafu dogaye sirara kamar karan gero, yana tafiya yana tangaɗi. Tun ranar farko ya saba da ni, don ni ke kai wa uwarsa dusa da kanwa. Kuma tun ranar farko na lura da wani abu. Goɗiyar nan da ba ta taɓa yi wa kowa gardama ba, in ɗanta ya kewaya bayan rumbu ta daina ganinsa, ko na ƙiftawar ido ne, sai ta hau fizgar turke tana haniniya har sai ya fito. Sau biyu tana tsinke igiya. Na gaya wa kakana, ya ce haka suke, matuƙar tana ganinsa hankalinta a kwance yake.

Yana da kwana shida aka yi iska da la'asar, irin wadda ke zuwa gaban ruwa. Ta ɗaga kwanon rumfar da muke ajiye itace, ta yi sama da shi, ta kawo shi kan goɗiyar. Ya yanke ta a cinyar baya ta dama, yanka mai zurfi, ya fi tafin hannun babba tsawo. Aka wanke da ruwan gishiri, aka barbaɗa garin bagaruwa, aka kira wanzami ya duba, aka yi duk abin da aka sani. Kwana biyu kamar za a dace. A na uku cinyar ta kumbura ta yi zafi, ƙuda suka same ta, wari ya fara tashi. Ta daina taɓa dusa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne duƙushin. Sai ya kama nono ya ja ya ja, ya saki, ya tunkuri hantsar da kai, ya sake kamawa, sannan ya juyo yana kallona. Nonon yana ƙafewa. Ɗan kwana tara kuwa ba ya cin ciyawa, kowa a gidan ya san in uwar ta tafi shi ma da wuya ya tsaya.

Akwai wani tsohon likitan dabbobi a Karaye wanda ya ajiye aiki, an san shi da sanin doki. Aka aika masa. Ya ce ciwon ƙafa ya hana shi hawa babur, kuma ko da ya zo aikin ba na yini ɗaya ba ne, sai an buɗe ciwon an wanke an ɗinke, a yi mata allurai na kwanaki yana gani. A kawo ta, in ji shi, kada a wuce gobe, kuma a haɗo da ɗan. To goɗiyar da ke tsaye da ƙafa uku, ko bakin rijiyar ƙauyenmu ba za ta kai ba, balle Karaye.

Nan Baffa ya shigo, ƙanin mahaifina. Fataucin shanu yake yi, mutum ne mai zafin nama da babbar murya, in ya ce za a yi abu to a ransa an riga an gama. Kada ka ɗauka mugu ne. A duk 'ya'yan kakana ba wanda ya kai shi tausayin tsohon, sai dai shi nasa tausayin da gudu yake zuwa, ba ya tsayawa tambaya. Kafin magariba ya samo tarakta da tirelar da suke kai shanu kasuwa da ita. Wani mai walda a Rogo ne ya haɗa ta. Bangonta na ƙarfe ne zuwa ƙirjin babban mutum, ƙofa a baya, a tsakiya kuma shamaki na sandunan ƙarfe da ya raba cikinta gida biyu don kada bijimai su soki juna. Shamakin bai taɓa ƙasa ba. An bar sarari a ƙarƙashinsa, kamar zuwa gwiwata, don a riƙa share kashi ta nan. Ga bijimi wannan sararin ba komai ba ne.

Da hantsi aka ja tirelar da baya har bakin wani tudu a ƙofar gida, aka sauke ƙofa ta kwanta a kansa. Baffa ya ɗauki duƙushin cak ya kai shi gidan gaba, ya ɗaure wuyansa a jikin ƙarfe, ya ce in shiga in zauna da shi tunda ni ya sani. Ganin ɗanta a ciki, goɗiyar ba ta ba da wahala ba. Kakana na riƙe da ragamarta yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, ta hau da ƙafa uku tana nishi. Daga nan Baffa ya kama hannun kakana ya ce, "Baba, zo ka zauna, sauran namu ne." Ya kai shi gaba ya zaunar da shi a gefen direba, a kan ƙarfen da ya rufe babbar taya, ya dawo.

Sai ya yi abin da ya saba yi da shanu. Ya juya goɗiyar da kyar ta fuskanci ƙofar baya, don in an isa a fito da ita kai tsaye, ya ɗaure kanta a can, gindinta na wajen shamaki. Sannan ya ɗauko tamfol ya rataya a kan shamakin, daga sama har kusa da ƙasa. Direba ya tambaye shi na mene ne. Ya ce saniya in tana ganin maraƙinta ba ta tsayawa wuri ɗaya, sai ta yi ta neman zuwa wurinsa, amma in an rufe mata sai ta ɗan yi kuka ta haƙura.

Na sani. Wallahi na sani. Na ga igiya biyu da ta tsinke saboda rumbu. Na buɗe baki, maganar ta zo har kan harshena, sai Baffa ya miƙo mini bakin igiya ya ce, "Ke yarinya, riƙe nan, ja da ƙarfi." Na riƙe, na ja da ƙarfi. Da hannuna aka ɗaure tamfol ɗin nan. Ta yaya 'yar shekara sha ɗaya za ta ce wa Baffanta bai san aikinsa ba, a gaban direba da maƙwabtan da suka taru? Na hango ƙeyar kakana a can gaba, bai fi taku goma ba, na ce a raina in mun tashi zan gaya masa. Kakata ta miƙo mini ƙullin mazarƙwaila guda uku, ragowar ta bara, ta ce in kai wa likita. Direba ya tayar da inji, daga nan ko muryar kaina ban ƙara ji ba.

Ba mu fita daga gonakin ƙauyenmu ba ta fara. Haniniya ta farko sai da na ji ta a haƙorana. Duƙushin ya amsa da 'yar siririyar muryarsa, ita kuwa jin shi kusa ba ta ganinsa ya ƙara haukata ta. Ta fizgi ragama ta kasa. Sai ta hau duka da ƙafar baya mai lafiya, nauyinta duka a kan mai ciwon, ta daki shamaki, ta daki bango. Hanyar damina ce, duk kwari da taɓo, direba kuma Baffa ya ce masa ya yi sauri. Tirela na tsalle, ƙasanta ƙarfe ne tsirara, ga fitsari ya jiƙa shi, ina jin kofatonta na zamewa tana kamo kanta. Na yi ihu. Na kira Baffa, na kira kakana, na kira direban da ban san sunansa ba. Ina ganin bayansu su uku, Baffa har yana nuna wa direba wata gonar rake da hannu. Ƙarar tarakta da kwaramniyar tirelar da ta saba yi ko ba kaya sun cinye komai.

Sai na ga jini. Ya biyo ta ƙarƙashin shamaki, ta wannan sararin, ya gangaro ɓangarenmu har ya taɓa yatsun ƙafata. Ba ɗiga yake ba, gudu yake. Ciwon ya buɗe.

Na kai hannu in kwance tamfol. Ƙullin Baffa ne, na masu ɗaure bijimai, farcena ya karye bai motsa ba. Ina wannan ne duƙushin ya sunkuya ya hango ƙafafun uwarsa ta ƙasa. Kafin in juyo ya zube a gwiwa ya cusa kai da ƙafafun gaba ta sararin. Kafaɗarsa ta maƙale. Igiyar wuyansa ta miƙe ta shaƙe shi, kansa yana can ɓangaren uwar, daidai inda kofatonta ke sauka. Na kama ƙafafunsa na baya ina ja, shi yana turawa gaba, ya fi ƙarfina. Ina jin dukan yana sauka a ƙarfe, dam, dam, ban san wanne ne zai sauka a kansa ba. Ban taɓa tsanar ƙanƙantata irin ta wannan lokacin ba. Kuka nake, salati nake, ina zagin kaina da bakina da ya ƙi buɗewa a ƙofar gida.

Ban san lokacin da na saki ƙafafun na kwance ƙullin kakata ba. Duk wanda ya san mazarƙwailar da ta shekara ya san ba ta da maraba da dutse. Na miƙe na jefa ta farko, ta wuce ta faɗa gona. Ta biyu ta sami Baffa a ƙeya, hularsa ta yi gefe. Ya juyo da wata irin fuska da har yau ban manta da ita ba. Ya ga tawa fuskar, ya ga jini a hannuna, ya daki kafaɗar direba.

Da injin ya mutu, abin da kakana ya fara ji shi ne haniniyar. Bai jira a sauko da shi ba. Tsohon da sai an riƙe masa hannu yake tsallaka kwata, shi ne ya diro ya bi jikin tirela da lalube. "Me ke tsakaninta da ɗanta?" in ji shi. Hannunsa ya kai kan tamfol, ya shafa shi daga wannan gefe zuwa wancan, ya tsaya. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, "Kawo wuƙa."

Baffa ya yanke igiyar wuyan duƙushin, ya yanke ta tamfol. Shi da direba suka kwantar da ɗan a gefensa suka zaro shi ta baya, kunnensa ɗaya a tsage, kafaɗa duk a ƙuje, amma da ransa. Kakana ya ce a ɗaga shi sama ta gan shi. Goɗiyar ta waiwayo, ta yi wani ɗan gurnani a maƙogwaro, dukan ya tsaya nan take. Jikinta duk kumfa, rawa yake yi, cinyar kuwa ba kyan gani. Baffa ya tuɓe rigarsa, sabuwa ce da ya sa don zuwa Karaye, ya yage ta gida uku ya ɗaure ciwon tam. Bai dubi kowa ba.

Muna tsakiyar dawa da masara, ba gida gaba ba gida baya, hadari kuma ya fara haɗuwa. Direba ya ce ko a koma. Kakana ya ce a koma a yi mata me? Daga nan ya karɓi aikin, yana faɗa muna yi. Ya ce a juyo da kanta wajen ɗanta. Baffa ya kama ragama ya ja ta dama, ta kafe, ya ƙara ja, ta nemi faɗuwa. "Sake ta," in ji kakana. "Shekara tara tana bin hagu, yau za ka koya mata dama?" Ya tsaya a gefenta ya yi ɗan sautin nan da yake yi mata da harshe a wurin matsar rake. Sai ga goɗiya ta ɗaga ƙafa a hankali, tana ɗingishi, ta zagayo ta hagu kamar itacen matsa na ɗaure a jikinta, har hancinta ya zo kan shamaki. Aka ɗaure ta da sassauci, yadda za ta iya sunkuyo da kai ta shinshini ɗanta.

Baffa ya ce ko a cire shamakin gaba ɗaya a haɗa su. Wannan ce magana ta farko da ya yi, kuma ban taɓa jin ya yi tambaya da irin wannan muryar ba. Kakana ya ce a'a, da tana da ƙafa huɗu da sai a haɗa, amma yanzu in ta yi tuntuɓe a kansa za ta faɗa. Shamaki ya tsaya, sai dai a toshe ƙasansa. Muka naɗe tamfol ɗin nan, muka haɗa da dammunan harawar da aka ɗauko mata, muka cusa a sararin muka ɗaure, kakana na bi da hannu har ya tabbatar ko kofaton ɗan ba zai shiga ba. Ya ce kada a sake ɗaure duƙushin, a bar shi ya kwanta in ya so. Ya sa muka ɗebo yashi daga bakin hanya, da bokiti da hular Baffa da ɗankwalina, muka yi ta zubawa a ƙasan tirelar har ƙarfe ya ɓace. Sannan ya juya wajen direba ya ce, "Ɗana, ka ga yadda mace ke tafiya da tulu cike a ka? Haka za ka tafi."

Bai koma gaba ba. Ya shiga wurin goɗiyar ya tsaya a kafaɗarta, Baffa ya tsaya ta ɓangaren ciwon ya tokare ta da jikinsa, ba riga. Ni ina gidan gaba, duƙushin ya kwanta ya ɗora kai a cinyata, numfashin uwar na sauka a kanmu mu biyu. Ruwa ya sauko, ba mai ƙarfi ba, irin mai jiƙa mutum a hankali. Muka yi ta rarrafe, masu keke na wuce mu, wata mai tallan nono ta jera da mu tana yi mana sannu har ta kai mararrabarta. Kakana ya dinga tambayata, "Uwata, ɗaurin ya jiƙe?" In ce ya jiƙe. "Ja ne ko ya fara baƙi?" In ce ja ne. Yanzu kam komai na gani faɗa nake, har wanda ba a tambaye ni ba. Ta lumshe ido, ta buɗe, kunnenta ya kwanta, ƙafar gaba na rawa. Na san na makara, amma na kasa yin shiru.

Sau biyu ya sa aka tsaya. Akwai 'yar ƙofa a gefen shamakin da ake tura tumaki ta ciki, sai a buɗe ta duƙushin ya shiga, Baffa da direba su tallabe uwar da kafaɗunsu, shi kuma ya kama nono. Ban san ko yana samun wani abu ba. A tsayawa ta biyu, wajen garin Turawa, kakana ya ce in ɗaga leɓenta in duba dasashi. Ya yi fari fat. Na gaya masa. Ya ɗora goshinsa a wuyanta yana faɗin wani abu da ban ji ba, ni kuwa na roƙi Allah da duk addu'ar da na iya, har da ta shiga kasuwa da ta sa sabon tufafi, duk wadda ta zo bakina.

Tafiyar da mai babur zai yi ya dawo kafin azahar, mu sai bayan la'asar muka shiga Karaye. Goɗiyar na tsaye. Ban san da me take tsaye ba, amma duk sauran hanyar nan ba ta ɗauke ido daga kan ɗanta ba, kuma ba ta sake dukan komai ba.

Likitan ya fito yana dogara sanda. Aka jingina ƙofar tirela a dakalin gidansa, kakana ya sake juya ta ta hagu, ta sauko da kanta. Duƙushin ya biyo ta da gudu ya shige ƙarƙashinta. Ta tsaya masa. Ta tsaya har ya saki don kansa, sannan ta lanƙwashe gwiwoyin gaba ta kwanta a gefe cikin taɓon ƙofar gidan. Likitan ya kwance yagaggiyar rigar Baffa ya duba, ya daɗe a durƙushe. Ya yi abin da zai iya, ya ƙara mata ruwa ta jijiya, ya yi mata allura. Ya ce da ruɓar ce kaɗai da ya yi fama da ita, jinin da ta zubar a hanya ne ba shi da inda zai samo mata. Kafin a kira magariba ta mutu.

Baffa ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannu, ƙaton mutum, kafaɗunsa na girgiza. Kakana bai ce masa komai ba, ba ranar ba, ba bayanta ba. Ni ya nema. Ya miƙa hannu cikin iska har na kawo kaina ƙarƙashinsa, yadda muka saba. Ya ce, "Uwata, kin ga lokacin da aka sa tamfol ɗin?" Na ce na gani. "Kin san ba ta jurewa?" Na ce na sani. Hannunsa na kaina, bai ɗauke ba. Can ya ce, "To ni da wane ido zan gani?"

Da dukana ya yi, da tuni na manta.

Duƙushin ya rayu. Likitan ya koya mana yadda za a sirka nonon akuya da ruwa da ɗan zaƙi, a ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, kuma mazarƙwaila ta ukun da ta rage a ƙullin kakata ita aka fara jiƙa masa. Wata huɗu Baffa na zuwa kullum da sassafe da galan ɗin nonon akuya a bayan keke, ya ajiye a bakin zaure, ya gaida mahaifinsa, ya tafi. Bai taɓa yi mini maganar jifan ba. Shekarun da suka biyo baya da aron dokin maƙwabta muka yi matsa, in sun gama nasu. Daga baya dokin nan mai tsagaggen kunne ya shiga itacen matsa ya zagaya ta hagu, kuma kakana ya ji ƙarar ƙarfen da kunnensa shekara biyu kafin Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu in ka je wajenmu inji ke matse rake, yana ƙara yana hayaƙi, filin da doki ke zagayawa an shuka masara a ciki. Kwanakin baya a hanyar Kano na ga wata tirela ta ɗaukar dawakai, mai rufi da tagogi, ta tsaya shan mai. Na je na leƙa, ban ji kunyar kowa ba. Shamakin ciki ya sauka har ƙasa, an lulluɓe shi da soso, samansa a buɗe, dabba na ganin 'yar'uwarta. Abin da tsohon da ba ya gani ya haɗa da harawa da yashi a bakin hanya, ga shi wasu sun zauna sun ƙera. Na daɗe ina kallo har maigidana ya sauko daga mota ya zo ya ga me ya riƙe ni.

Dangi suna cewa na ɓata 'ya'yana, wai suna sa baki in manya na magana. Ina koya musu gaisuwa da durƙuso da duk abin da aka koya mini. Amma na gaya musu, tun daga babbar har auta, in sun ga abu zai ɓaci su faɗa ko a gaban wa, in ya so a yi musu faɗa daga baya. Baffa yana nan da ransa, ya tsufa, shi ma idon ya fara tafiya. Da sallar bara na kai su su gaishe shi. Zaure cike da baƙi, ya laluba bayan tabarma ya ɗauko kwalba ya ce bari ya sha maganin tarinsa. Wani ya ce a duba masa, ya ce shi ya san kwalbarsa a hannu. Ya buɗe, ya kai baki, sai autata mai shekara shida ta ɗaga murya ta ce, "Kaka, ba shi ba ne, wannan akwai hoton saniya a jiki!" Wani daga cikin baƙin ya daka mata tsawa, wai ana magana da manya. Baffa ya sauke kwalbar a hankali. Ya kai hannu ya shafa ƙeyarsa, daidai wurin, ya juyo wajen da nake zaune ya ce, "Wannan taki ce ko?" Na ce tawa ce. Ya ce, "To ku bar ta ta faɗa."